Makarantun Yahudawa na jeka-ka-dawo a Amurka: tambayoyi da amsoshi kan kuɗi da sake tsarin ayyukan tallafi

Wace irin makaranta ake magana a kai?

Makaranta ce mai zaman kanta da yaro ke zuwa da safe ya koma gida da yamma, yana ɗaukar karatu biyu a yini ɗaya. Akwai na addini, wato harshen Ibrananci da Attaura da Talmud (littafin sharhin dokokin addininsu) da tarihin Yahudawa, sannan akwai na boko cikakke kamar na kowace makaranta. Wanda ya san Islamiyyar da ke haɗa boko da addini zai gane fasalin nan take. Ƙidayar da gidauniyar AVI CHAI ta yi a shekarar karatu ta 2018 zuwa 2019 ta samu ɗalibai kimanin 292,000 a makarantu 906 a faɗin Amurka. Mafi yawansu 'yan ɗariƙar Orthodox ne, wato masu tsananta bin dokokin addini, kuma jihohin New York da New Jersey ne suka kwashi kaso mafi tsoka.

Me ake nufi da ayyukan tallafi?

Hawa biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne abin da ke taɓa yaro kai tsaye bayan malamin aji: malamin da ke zama da mai jinkirin karatu, ƙwararren da ke gyara magana, mai horar da yaro riƙe fensir da sarrafa hannu, mai ba da shawara, ma'aikaciyar jinya, motar makaranta, abincin kosher (wanda dokar addinin Yahudawa ta halatta), da mai gadi a bakin ƙofa. Hawa na biyu shi ne ƙungiyoyin da ke hidima wa makarantun kansu: masu horar da shugabanni da malamai, masu tsara manhaja, masu koya wa hukumar makaranta tara gudummawa, da masu bibiyar 'yan majalisa. Idan aka ce za a sake tsari, a fara tambaya: wane hawa ake nufi? Ana iya haɗe ofisoshin hawa na biyu cikin wata shida ba tare da yaro ya ji a jikinsa ba. Hawa na farko kuwa, ranar da aka taɓa shi ranar iyaye za su sani.

Iyaye suna biyan kuɗi mai yawa. Me ya sa har yanzu ba ya isa?

Karatu biyu yana buƙatar malamai kashi biyu. Malamin lissafi ba shi ke koyar da Talmud ba, ga shi yinin makarantar ya fi na gwamnati tsawo. Albashi da inshorar lafiyar ma'aikata kan cinye kusan kashi uku cikin huɗu na kasafi, don haka babu inda za a yanke mai yawa ba tare da an taɓa mutum ba. Sannan kuɗin da aka rubuta a takarda ba shi ne ke shiga asusu ba, domin iyalai da yawa suna samun rangwame, musamman masu 'ya'ya huɗu ko biyar a makaranta lokaci guda.

A ɗauki misali don lissafi kawai. Makaranta tana da ɗalibai 200, kuɗin shekara dala 20,000. A takarda miliyan 4 ke nan. Idan rangwame ya ɗauke kashi 30 cikin ɗari, miliyan 2.8 ne zai shigo. In abin da take kashewa miliyan 3.6 ne, akwai giɓin dala 800,000 da dole a nemo kowace shekara. Ƙara kuɗin makaranta ba ya toshe wannan giɓi yadda ake zato, saboda duk ƙarin da aka yi yana tura wasu iyalai masu matsakaicin samu zuwa layin neman rangwame, wasu kuma su cire 'ya'yansu gaba ɗaya. Ga wani abin da iyaye kan tambaya: kuɗin makarantar addini ba ya cikin gudummawar da ake cirewa daga harajin tarayya, ko da rabin karatun addini ne. Kotuna sun yanke hukunci a kan haka.

To gwamnati tana ba su kuɗi ko ba ta ba su?

Tana taimakawa, amma galibi ba kuɗi take danƙa wa makaranta ba. Aiki take turowa, ko ta mayar da abin da aka riga aka kashe, ko ta bi ta hannun iyaye. Kotun Ƙolin Amurka ce ta shata wannan hanya sannu a hankali. A 1947 ta halatta biyan kuɗin motar yara masu zuwa makarantun addini a New Jersey. A 1968 ta amince da ba su aron littattafan karatu a New York. A 1997, a shari'ar Agostini da Felton, ta yarda malaman gwamnati su shiga cikin ginin makarantar addini su koyar da masu rauni a karatu. Kafin nan, tun wani hukunci na 1985 da ya hana hakan, a cikin motoci da ɗakunan wucin gadi a wajen harabar makaranta ake yin wannan karatu. A 2002 ta halatta tsarin birnin Cleveland na ba iyaye takardar da gwamnati ke biyan kuɗin makarantar da suka zaɓa da ita, sannan a 2020 da 2022, a shari'o'in Montana da Maine, ta ce jihar da ke tallafa wa makarantu masu zaman kansu ba ta da ikon ware na addini.

Wannan doka ɗaya ce ga kowa. Makarantun Katolika da na Musulmi a Amurka ta wannan ƙofar suke bi.

Yaya ake samun tallafin tarayya na yara masu rauni a karatu da masu buƙata ta musamman?

Dokoki biyu ne manya. Title I na yaran da suka fito daga unguwannin masu ƙaramin ƙarfi ne, IDEA kuma ta yara masu naƙasa ko lalurar koyo. A dukansu, hukumar ilimi ta gunduma ce ke riƙe kuɗin. Ita ke ɗaukar malami ko ta ba kamfani kwangila, kayan da aka saya ma mallakarta ne, kuma abin da za a koyar dole ya zama ba na addini ba. Malamin da Title I ke biya ba zai koyar da karatun Attaura ba, ko da matsalar yaron a nan ta fi fitowa.

Matakan su ne kamar haka. Gunduma kan aiko da takardar gayyata zuwa zaman tuntuɓa kafin ta tsara kasafin shekara mai zuwa. Makaranta ta amsa a rubuce, ta tura mutum ɗaya da ya san ɗalibanta, ɗauke da adireshin yara da bayanin samun iyayensu, domin da waɗannan ake lissafa rabon Title I. A ƙarshen zaman akwai takardar da ake sa wa hannu cewa an yi tuntuɓa ta gaskiya. Kada a sa hannu idan ba a yi ba. Akwai wurin rubuta ƙorafi, kuma tun dokar 2015 kowace jiha tana da jami'in da ke sauraron irin wannan koke.

Na IDEA yana da nasa lissafin. A ce gunduma ta samu dala miliyan 1, tana da yara 1,000 masu buƙata ta musamman, 80 daga cikinsu a makarantu masu zaman kansu da ke cikin iyakarta. Rabon waɗannan 80 ɗin dala 80,000 ne, kuma duka makarantu masu zaman kansu ne za su raba. Gundumar da makaranta take ciki ce ke da alhakin, ko da yaron a wata gunduma yake kwana. Abin da ke yawan lalacewa a nan shi ne ƙidaya: yaron da ba a kai shi gwajin gunduma ba ba ya cikin lissafi, ko da kowa a makarantar ya san yana fama. Makarantar da ke jin nauyin tura iyaye gwaji, don gudun a ce ɗansu yana da lalura, ita ke rage wa kanta rabo. A kuma sani cewa dokar tarayya ba ta ba yaron makarantar kuɗi haƙƙin kansa na samun kowane aiki ba. In rabon ya ƙare a watan Maris, ya ƙare.

An ce New York ta fi sauƙi. Gaskiya ne?

Dokar jihar ta fi ta tarayya faɗi. Tana ba yaro mai buƙata ta musamman da ke makaranta mai zaman kanta haƙƙin samun ayyuka bisa takardar shiri ta kansa da ake kira IESP. Sharaɗin shi ne iyaye su rubuta buƙata zuwa ga gunduma kafin ranar 1 ga Yunin da ya gabaci shekarar karatun ta wuce. Shekaru da dama ba a tsananta wannan wa'adi a birnin New York ba, sai a 2024 aka tsananta, iyalai da yawa suka shiga sabuwar shekara babu mai gyaran magana babu malamin taimako. Makarantar da ta san abin da take yi tana fara tunatar da iyaye tun watan Afrilu, ta ajiye kwafin kowace wasiƙa da shaidar ranar da aka aika.

Jihar tana kuma mayar wa makarantu kuɗin ayyukan da ta wajabta musu, kamar ɗaukar sunayen masu halarta da gudanar da jarrabawar jiha, kuma tun 2017 tana mayar da wani ɓangare na albashin ƙwararrun malaman kimiyya da lissafi. Duka wannan biyan baya ne. Sai an kashe, an cike takardu, sannan a jira.

Idan gunduma ta kasa ba yaro abin da yake buƙata fa?

Iyaye suna iya sa shi a makaranta ta musamman mai zaman kanta su nemi gunduma ta biya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1985 da na 1993 ne suka buɗe wannan hanya, kuma da sunan iyalin da ke cikin shari'ar 1993 ake kiransu shari'o'in Carter. Dole a sanar da gunduma a rubuce kwana goma na aiki kafin a cire yaron, a nuna cewa shirin gunduma bai dace da shi ba, a kuma nuna cewa sabuwar makarantar ta dace. Ana sabunta neman kowace shekara, kuɗin lauya yana da nauyi, biyan kuma yakan makara. Makarantar da ta gina kasafinta kan wannan kuɗi tana buƙatar ajiyar da za ta riƙe albashi na watanni masu yawa.

Kuɗin tsaro daga ina yake fitowa?

Babbar hanyar tarayya ita ce shirin NSGP, na tallafin tsaro ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, da hukumar agajin gaggawa ta FEMA ke gudanarwa. A 2023 an ware masa dala miliyan 305, kuma a shekarar an yarda wuri ɗaya ya nemi har dala 150,000. Ana fara da binciken raunin gini, wanda 'yan sanda ko jami'an tsaron al'umma irin na Secure Community Network kan yi. Daga nan a rubuta takardar hujja, a danganta kowane abin da ake son saye da wani rauni da binciken ya gano: ƙofar gilashi da ba ta da kariya, gefen filin wasa da babu katanga, lungun da kyamara ba ta gani. Ta hannun ofishin jiha ake miƙawa.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, fara aikin gini kafin a samu amincewar binciken muhalli da kayan tarihi; wanda ya huda bango kafin takardar ta fito yana iya rasa kuɗin. Na biyu, mantawa cewa makaranta ce za ta fara biyan ɗan kwangila daga aljihunta. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: kyamara sau ɗaya ake saye, mai gadi kuwa kowane wata ake biyansa, kuma babu tabbacin za a sake cin gasar tallafin baɗi.

Mene ne tallafin karatu ta hanyar rangwamen haraji?

Mutum ko kamfani yana ba wata ƙungiyar raba tallafin karatu gudummawa, jiha kuma ta rage masa haraji daidai da mafi yawan abin da ya bayar. A Pennsylvania, inda aka fara a 2001, ana rage kashi 75 cikin ɗari, ko kashi 90 ga wanda ya yi alkawarin shekara biyu. Florida ta fara nata a shekarar ita ma, a 2023 kuma ta buɗe tallafin ga kowane ɗalibi ba tare da duba samun iyaye ba. Dokar tarayya da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta kawo rangwamen har dala 1,700 ga mai ba da gudummawa, daga 2027, amma sai jihar ta zaɓi shiga. Ƙungiyoyi irin su Agudath Israel da Teach Coalition ta Orthodox Union sun daɗe suna fafutukar irin waɗannan dokoki.

Majalisa ce ke bayarwa, majalisa ce ke karɓewa. Illinois ta bar nata shirin ya mutu a ƙarshen 2023, makarantun Chicago suka koma neman yadda za su riƙe yaran da suka shigo da wannan tallafi. Shawarar da ta dace ita ce a rubuta kasafi biyu, ɗaya da kuɗin ɗaya babu, a san tun yau abin da za a yi idan aka yanke.

Me ya sa aka haɗe ƙungiyoyin da ke hidima wa makarantun?

Kafin 2016 kowace ɗariƙa da nata ofishin. PARDES na hidima wa makarantun ɗariƙar Reform mai sassauci, Schechter na ɗariƙar Conservative mai tsaka-tsaki, RAVSAK na makarantun al'umma da ba su jingina ga ɗariƙa ɗaya ba, sashen haɗin gwiwa na Jami'ar Yeshiva yana tare da na Orthodox masu ra'ayin zamani, PEJE kuma ta ƙware a harkar kuɗi da jawo ɗalibai. Biyar ɗin suna shirya taruka iri ɗaya, suna horar da shugabanni iri ɗaya, suna ƙwanƙwasa ƙofar masu kuɗi iri ɗaya. AVI CHAI, wadda ke ɗaukar nauyi mai yawa, ta riga ta sanar cewa za ta kashe dukiyarta ta daina ba da tallafi a ƙarshen 2019. Wannan ya sa aka haɗe su suka zama Prizmah a 2016.

An samu ragin maimaita aiki, an kuma samu wuri ɗaya da ake tattara alƙaluma, ta yadda makaranta za ta gwada albashinta da rangwamenta da na takwarorinta. Abin da haɗewa irin wannan ke iya ɓatarwa shi ne kusanci: shugaban ƙaramar makaranta da ya saba kiran mutum ɗaya da ya san matsalarsa, yanzu yana cikin ɗaruruwa. Kuma ba kowa ya shiga ba. Torah Umesorah, da aka kafa a 1944, ta ci gaba da hidimar makarantun Orthodox masu riƙon gargajiya da kanta, alhali a can ɗalibai suka fi yawa.

Ƙaramar makaranta ba ta iya ɗaukar ƙwararru. Wace mafita ake da ita?

Salo biyu sun yi fice. A Boston, ƙungiyar Gateways, wadda ta samu daga haɗewar ƙungiyoyi biyu a 2006, tana ɗaukar ƙwararrun ta tura su makarantu daban-daban. Makarantar da ke buƙatar mai gyaran magana kwana ɗaya da rabi a mako ba sai ta nemo albashin cikakken ma'aikaci ba. A New Jersey kuma, SINAI, da ta fara a 1982, tana buɗe makaranta ta musamman a cikin ginin makarantar gama-gari. Tana da malamanta da kasafinta, amma yaranta suna cin abinci da addu'a da wasa tare da sauran, suna shiga ajin gama-gari a darasin da za su iya.

Salon farko ya fi araha, ya dace da yara masu lalura mara tsanani. Na biyu yana ɗaukar masu buƙata mai nauyi, tsadarsa kuma ta ninka. Inda salon farko ke tuntuɓe shi ne jadawali. Kowace makaranta tana son ƙwararren da safe, babu mai son ranar Juma'a da ake tashi da wuri saboda Asabar, ranar hutun addinin Yahudawa da ke farawa da faɗuwar ranar Juma'a, sa'o'in da ya ɓata a mota tsakanin makarantu kuma wani ne zai biya. In ba a rubuta waɗannan a yarjejeniya ba, babbar makaranta ce ke kwashe lokuta masu kyau.

Daga ina za a fara sake tsari?

Daga takarda ɗaya da ke nuna kowane aiki, yara nawa ke amfana, nawa ake kashewa, wa ke biya, kuma yaushe kuɗin zai ƙare. Wannan tambaya ta ƙarshe ce ke tona asiri, domin sau da yawa ana samun ma'aikacin dindindin da ake biya da kyautar shekara uku. Bayan haka a fara haɗe abin da ba ya taɓa aji: biyan albashi, sayen inshora, kula da kwamfuta, kwangilar mota da ta masu gadi, tantance masu neman rangwame. Manhajar addini a bar wa kowace makaranta tata, don a nan ne bambancinsu yake, kuma taɓa ta ke rusa tattaunawa.

A tsayar da yadda za a raba kuɗi, ko bisa yawan ɗalibai ko bisa sa'o'in da aka yi amfani da su. A rubuta yadda makaranta za ta fita idan ta ga dama, da sanarwar shekara guda. A nemi izinin iyaye a rubuce kafin bayanan yaro su bar makarantarsa. Sauyin ya fara da sabuwar shekarar karatu, kada a yi shi a tsakiya. A kuma sa ran shekarar farko za ta fi tsada, saboda kuɗin lauya da sallamar ma'aikata da sauya manhajar kwamfuta. Galibi asusun al'ummar Yahudawa na birnin, wanda ake kira Federation, shi ake nema ya ɗauki wannan nauyi na farko.

Yaushe haɗe makarantu biyu ya zama dole?

Idan kujeru suka yi yawa yara suka yi kaɗan. Ajin ɗalibai 11 yana cin albashin malami ɗaya da ajin ɗalibai 20. A Toronto ta Kanada, sakandaren TanenbaumCHAT ta rufe reshenta na arewa a 2017 ta tattara ɗalibai wuri ɗaya, sannan da gudummawar masu hannu da shuni ta sauke kuɗin shekara daga kusan dalar Kanada 28,000 zuwa 18,500 na tsawon shekara biyar. Masu shiga suka ƙaru sosai. Abin lura shi ne an yi abu biyun tare, rage kashewa da rage farashi.

Kafin a haɗe, a duba kuɗin da aka bayar da sharaɗi. Wanda ya ba da gudummawa don wata makaranta takamaimai, ba a karkatar da kuɗinsa sai da yardarsa ko ta kotu. A kuma ƙiyasta cewa wasu iyalai ba za su biyo ba, musamman in sabon wurin ya yi nisa.

Asusun dindindin zai warware matsalar?

Yana taimakawa, amma a san girman da ake buƙata. Asusu ne mai kama da waƙafi: ana juya uwar kuɗin, ana cin kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari a shekara. Don biyan ƙwararre ɗaya mai cin dala 80,000, a kan kashi 4, sai an ajiye miliyan 2. Shi ya sa ake dogara da wasiyya, kamar yadda shirin Life & Legacy na gidauniyar Harold Grinspoon ke ƙarfafa mutane su rubuta wa makaranta wani kaso na gadonsu. Kuɗin wasiyya yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya iso, don haka ba ya biyan albashin bana.

A Birtaniya ma haka abin yake?

A'a. A Ingila makarantun Yahudawa da yawa, kamar JFS a Landan, gwamnati ce ke biyan albashi da karatun boko. Iyaye suna ba da gudummawar sa-kai don ƙarin karatun addini, kuma ba a korar yaro don ba a biya ba. Masu zaman kansu kuwa an ɗora wa kuɗinsu harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari daga Janairun 2025. A lardin Ontario na Kanada makarantun Katolika kaɗai gwamnati ke ɗauka a cikin na addini.

Karɓar kuɗin gwamnati yana da sharri?

Yana zuwa da bincike da sharuɗɗa, kuma daidai ne ya zo da su. A New York an yi shekaru ana jayayya kan ko wasu makarantun Hasid, wani reshen Orthodox mai tsananin riƙon gargajiya, suna koyar da Turanci da lissafi daidai da abin da doka ta nema, har jihar ta fitar da sababbin ƙa'idoji a 2022. Akwai kuma maƙwabta. A garin Lakewood na New Jersey, yaran makarantu masu zaman kansu sun ninka na gwamnati sau da yawa, amma daga kasafin gunduma ɗaya ake biyan mota da ilimi na musamman na kowa, alhali rabon da jiha ke bayarwa ya fi la'akari da yawan ɗaliban gwamnati. Gundumar ta daɗe tana cin bashin jiha don cike giɓi, kuma yaran makarantun gwamnati, waɗanda yawancinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, suna ji a jikinsu. Makarantar da za ta nemi haƙƙinta a wuri irin wannan ta ware asusun kuɗin gwamnati daban da na karatun addini, ta ajiye takardar sa'o'in kowane ƙwararre da sa hannun wanda ya ga an yi aikin, ta kuma tura wakili zaman kasafin gunduma don ya ji abin da ake yankewa a ɗaya ɓangaren.